Langar Lado Mai Basilla

Sana'ar Lado ɗinke bakin buhu ce, kuma kada wanda ya yi dariya. Ni tela ne, na fi shekara arba'in ina taka keke a Jimeta, in na ga ɗinki na san shi. Abin da Lado ke yi da basilla da zaren buhu, da yawa cikin masu kiran kansu teloli ba za su iya shi da allura ba.

A shekarun da aka samu mulkin kai, in damina ta yi nisa, kogin Binuwai ya cika ya batse, jirage kan taso daga kudu har bakin ruwan Jimeta. Tun daga nesa ake jin kukansu, sai gari ya rikice, mai shara ta yar da tsintsiya, wanzami ya bar kai rabi. Su sauke gishiri da kananzir da atamfa da kwanon rufi, su loda gyaɗa da auduga da fatu. Wata uku ne kacal kafin ruwa ya ja baya, amma a cikinsu garin ke haɗa abin da zai ci shekara. Lado yana aiki a rumfar kamfanin da ke sayen gyaɗa a gaɓar kogi. Da kaka ya ɗinke buhunan gyaɗar da aka saya, da damina ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gyara waɗanda ɓera ya taɓa kafin a hau da su jirgi. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, zare rataye a wuya, basilla soke a hula. Babban yatsansa na dama ya yi kanta har ba ya jin ƙaya. Yakan bar wa kowane buhu kunne biyu daidai kamun hannu, shi ya sa 'yan dako ke rububin nasa. Buhun Lado ko daga kan katakon jirgi ya suɓuce ya faɗo, ƙwayar gyaɗa ɗaya ba ta zuba.

Kakansa Bakano ne da ya zo fatauci da jakuna ya ga wuri ya zauna. Nawa iyayen daga Zazzau suka zo. To ka ji inda wasan da ke tsakaninmu ya samo asali. Ban taɓa kiransa Lado a gaban mutane ba sai Bakano, shi kuma in ya hango ni sai ya ce a ɓoye abinci, ga Bazazzage nan. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu, matarsa Hansai da tawa Baraka kuwa ta saman katangar suke miƙa wa juna wuta da daddawa.

Ciyayya muke yi a ƙofar gidan Bappa Hamajoɗa, tsohon masinjan En'e, Bafillacen cikin Yola da ya yi ritaya ya gina gida a unguwarmu. Mu huɗu ne: Bappa, da Lado, da ni, da Zadok kafinta, mutumin Numan, Kirista, wanda kan zauna yana kore mana awaki daga kwanuka har mu idar da magariba. Kowa ya fito da abin da aka dafa a gidansa, a jera a gefen Bappa. Shi ne babba, shi ke jawo kwano ya buɗe, ɗaya bayan ɗaya. Ba a cewa wannan na wane ne, ko da yake kowa ya sani. In an gama da kwano Bappa ya rufe ya tura bayansa, in an tashi kowa ya ɗauki nasa, abin da ya rage a ciki na yara ne. Haka muka tarar ana yi, haka muka yi shekara goma sha huɗu, in ka cire ranakun ruwan sama da muke komawa zaure.

Ta Lado langa ce, fara mai jajayen furanni, da murfinta. A lokacin jirage babu kwanon da ke kama ƙafarta. Shinkafa da giwan ruwa, wani lokaci tuwon dawa da miyar yakuwa da ta sha gyaɗa har cokali ya tsaya a ciki. Hansai ta iya girki, wannan ko Baraka ba ta musu. Shi kuwa Lado ba ya ci sosai, kallonmu yake yi. In aka sauke langar nan tas sai ka ga yana murmushi yana shafa gemu, kamar shi aka yi wa kyauta. Ni nakan ce masa, "Bakano, da za ka sayar da ni ne kake kiwona haka?" Sai ya ce, "Wa zai sayi Bazazzage? Ko kyauta sai an haɗa da goro."

Ba na cewa muna da arziki a lokacin. Garin ma duka nawa yake? Titin kwalta ɗaya, kasuwa ɗaya, in baƙo ya sauka a tasha da hantsi kafin azahar an san gidan da ya nufa. Amma mutum yakan kwanta ya san abin da za a ɗora gobe, kuma yau in na tuna wannan kaɗai sai in ji kamar sarauta muka yi ba mu sani ba.

Abin ya fara lalacewa ne a shekarar da aka yanka jihohi aka ce hedikwatarmu Maiduguri ce. Akawuna da malaman ofis da nake ɗinka wa kaya suka tattara suka bi aiki. Sai ga yaƙin basasa. Kogi ya rufe daga ƙasa, jirgi ko ɗaya bai zo ba. Gishiri ya zama abin ɓoyewa a ƙasan gado. Daminar farko kullum da la'asar Lado kan je bakin ruwa ya tsaya yana duban yamma, inda jirage ke ɓullowa, basillarsa a hula, ya dawo ya ce mana ruwan bana ya isa ɗaukar kowane irin jirgi. Muka ce in yaƙi ya ƙare za su dawo. Yaƙi ya ƙare, biyu ko uku suka leƙo, daga nan manyan motoci suka ƙwace lodin, su kuwa a can ƙauyuka suke ɗauka da masu ɗinkinsu. Kamfani ya kulle rumfa. Bayan haka fari ya zo, gyaɗar ma da ake ɗinke wa buhu ta ƙi.

Lado ya koma bakin kasuwa wurin 'yan hatsi, yana yi wa tsofaffin buhuna faci, yana gyara mangalar masu jakuna. Mutumin da ke ɗinke buhu ɗari kafin azahar sai ya wuni a kan guda huɗu, a sallame shi da ɗan tsabar da aka share a ƙasa. Hansai tana tuyar ƙosai, man ya gagare ta ta daina. Ga yara uku ƙanana a gabansu, biyu nasu na ƙarshe, ɗaya jika. Duk da haka ban taɓa jin ya ce wayyo ba. In ka tambaye shi kasuwa sai ya ce da godiya. Rigarsa ta sallar Juma'a kullum a wanke, kuma langa ba ta taɓa fashin fitowa ba, ko sau ɗaya.

Abin cikinta ne ya yi ta canzawa. Kifi ya tafi, gyaɗa ta tafi, aka koma tuwo da miyar kuka, daga nan miyar tafasa ba mai. Namu ma ba wani abin kirki ba ne, amma dai ni ina samun facin riguna, Zadok yana samun gyaran ƙofa da kujera, Bappa yana da ɗan fanshonsa da gonar masakwa, dawar rani, a fadamar Yola. Na lura Bappa ya koma ajiye langar sai ƙarshe. In ya buɗe, ya yanki loma ɗaya ƙarama ya ce alhamdu lillahi ya janye hannu. Zadok ma haka, ya taɓa ya ce cikinsa ya cika. Ni kuwa sai abin ya riƙa ba ni haushi. Na ɗauka raini ne. A raina na ce, wato da tana zuwa da giwan ruwa har lashe yatsa kuke yi, yanzu da ta koma tafasa kun ƙoshi ko? To ni ba zan wulaƙanta abokina ba. Sai in gyara zama in nutsa hannu, in yi loma biyar, shida, ina santi da ƙarfi don ya ji daɗi. "Bakano, ciyawar nan ta yau ta fi ta jiya." Shi kuma ya yi dariya ya ce, "Ci, ai dama abincinku ne." Sama da shekara ina wannan bajintar, ina ganin kaina mai zumunci.

Baraka ce ta buɗe min ido. Wata ranar Talata, bayan sallar azahar, na shigo cin abinci na tarar ta yi tagumi. Ta ce jiya da magariba ta zagaya gidan Hansai aron rariya, abin da ba ta saba yi a wannan lokacin ba. Ta tarar an wanke tukunya an kife, yaran uku suna zaune a jere a bakin ɗaki, ba mai wasa, duk sun zuba wa ƙofar zaure ido. Ta tambayi ƙaramar ko sun ci tuwo, yarinya ta ce sai Baba ya dawo da langa. Hansai ta yi maza ta ja ta ciki, ta fito tana zancen wani abu dabam.

"Duk abin da suka dafa shi ake fitar muku," in ji Baraka. "Abin da ya dawo shi ne nasu. Malam, don Allah ka rage loma kawai. Kada ka ce komai. Ka ji ko? Kada ka ce komai."

Na ji, amma da kunne kawai. Na koma shago na kasa taka keke. Ina ta tuna lomomin nan, ina jin kamar in amayar da su. Kunya ta kama ni, kuma ni haka Allah ya yi ni, in kunya ta kama ni sai ta juye fushi. Na ji haushin kaina, na ji haushin Lado da ya zuba min ido ina cinye abincin 'ya'yansa yana min dariya. Wannan wane irin girman kai ne? Shekara nawa muna tare? Kafin la'asar na gama shirya jawabina, har ina yaba wa kaina cewa ni ne mai faɗin gaskiya a cikinmu.

Da magariba muka zauna. Aka ci na Bappa, aka ci nawa, aka ci na Zadok. Bappa ya jawo langar, kafin ya ɗaga murfi na ɗora hannuna a kai.

"Kada a buɗe wannan," na ce.

Bappa ya dube ni. "Ɗan'auta, lafiya?"

"Lafiya lau. Lado, ɗauki abincin nan ka mayar wa yara. Haba! Mu baƙinka ne? Kana fito mana da tuwo, 'ya'yanka suna zaune da yunwa suna jiran sauranmu? Daga yau ka zo da hannunka kawai. Abin da muka samu mu ci tare, ai ba mutuwa za mu yi ba."

Wallahi a lokacin ina jiran a ce min madalla. Zadok ya sunkuyar da kai yana murza gefen tabarma. Bappa ya kawar da fuska wajen titi. Lado bai ɗaga murya ba, murmushi ma ya yi.

"Wa ya ce maka yarana ba su ci ba?"

Nan ne ya kamata in yi shiru, in ce wasa nake yi, ai da ma mun saba. Ƙofa ce ya buɗe min in fita. Ni kuwa na ce, "Baraka ta gani da idonta."

Sai murmushin ya tafi. Ya sa hannu ya ɗauke nawa daga kan murfin, a hankali, kamar yadda ake ɗauke hannun yaro daga wuta. Ya buɗe langar ya tura ta tsakiya ya ce bismilla. Tuwon dusa ne, ɗan mulmule biyu. Bappa ya yanki loma, Zadok ya yanka, ni hannuna ya ƙi. Lado ya rufe abinsa da kansa, ya yi mana sai da safe, ya shige gida tun ba a kira isha'i ba.

Zadok ya tashi ya ɗauki kwanonsa, ya tsaya a kaina. Mutum ne da ban taɓa jin ya yi faɗa ba. Ya ce, "Tela, ka ɓata aiki." Ya tafi.

Bappa yana jan carbi ya yi magana, da Hausarsa ta mutanen Yola. "Kai kana tsammani mu makafi ne? Shekara ɗaya da rabi kenan. Kwanon nan in na tura shi baya, wurin da fitila ba ya kaiwa, ina zuba sauran nawa a ciki, da na Zadok, har da naka. Zadok yana ɓoye kifi a gefe don wannan. Yana koma gida da nauyi fiye da yadda ya fito. Lado ya sani. Matarsa ya sani. Mu ma mun san sun sani. Ba wanda ya buɗe baki, shi ya sa yake iya zama da mu."

Na ce, "To ni me ya sa ba a gaya min ba?"

"Saboda bakinka," in ji shi. "Mun ce gara ka ci loma shida da ka yi magana ɗaya."

Ban taɓa jin maganar da ta dake ni kamar wannan ba. Ashe duk zaman nan ni kaɗai ne jaki a wurin. Mutum uku suna ta lallaɓa abu kamar ƙwai, ni na zo da ƙafa na taka, kuma ina ganin alheri na yi.

Washegari Lado ya fito, har na ji sanyi a raina. Ya ajiye langa a gefen Bappa, ya ce yau da tasa za a fara. Bappa ya buɗe: shinkafa da kaza. Duk mun san kazar, ita kaɗai ta rage wa Hansai, mai ƙwai ce, kullum tana tsallako katanga tana tona min gindin lalle. Inda ya samo shinkafar kuwa har yau ban sani ba. Ya zauna ya harɗe, bai sa hannu ba. In muka sassauta sai ya ce a ci mana. Ya tsamo cinya da kansa ya ajiye a gabana ya ce, "Ɗan'auta, ci." Rabon da ya kira ni da sunana tun muna samari. Bai tashi ba sai da ya ga ƙasan langar, sannan ya ɗauka ya yi godiya ya tafi. Bai sake zama a tabarmar nan ba.

Da farko cewa ya yi bayansa ke ciwo. Daga baya ya koma yin magariba a masallacin kasuwa, ba ya dawowa sai mun watse. Bappa ya aika masa da dawa a ɓoye ta hannun wani ɗan hatsi, a matsayin ladan faci, ya gane ya mayar. Hansai ta daina leƙo katanga. Ba ta yi faɗa da Baraka ba, in sun haɗu a rijiya suna gaisawa, amma wuta da daddawa sun daina tsallakawa. Baraka ta yi kuka ta ce na raba ta da 'yar'uwa, na mayar da ita mai kai tsegumi. Sau biyu ina zuwa ƙofarsa in yi sallama, a ce ba ya nan, alhali ga takalmansa.

Da a ce raina ne kawai ya ɓaci da sauƙi. Abin da ke hana ni sukuni shi ne, langar da ke komawa gida da nauyi ta daina komawa. Ni da na tashi ceton yara daga yunwa, ni na toshe musu hanyar da abinci ke shigo musu.

Kafin damina ta faɗi suka tashi. Yayan Hansai yana da gida a Adarawo cikin Yola, yana ɗan noma, ya ba su ɗaki biyu. Namiji ya koma zama a gidan dangin matarsa, kowa ya san abin da wannan ke nufi, amma Lado ya gwammace haka da ya riƙa haɗa ido da mu. Ya je ya yi wa Bappa sallama, ya je shagon Zadok. Ni da hantsi ina shago na hango amalanke ta wuce da tabarmi da tukwane, yaran a sama, shi yana biye a ƙasa. Bai waiwayo ba, ni kuma ban fito ba. Na ce bari ya huce tukuna.

Ciyayyar ba ta yi ƙarko ba bayansa. Mu uku muka ci gaba, amma hira ta mutu, kowa ya ci ya tashi. Bappa ya rasu da azumin shekarar. Lado ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun baya, kafin in kutsa in isa wurinsa ya tafi. Sai ga ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata, kaya suka yi tashin gwauron zabo, mu da ba ma'aikata ba muka sha wuya har muka gode wa Allah. Zadok ya tattara kayan aikinsa ya koma Numan. Na koma cin tuwo a tsakar gida ni kaɗai, abin da ban taɓa yi ba tun da na yi aure.

Tsakanin Jimeta da Yola tafiyar ƙasa da awa ce a keke. Kusan shekara biyu ina cewa ranar Juma'a mai zuwa. Yau in ce ɗinkin sallah ya yi yawa, gobe in ce tayar keke ta yi faci. Ƙarya nake yi, tsoro ne. An ce zumunci a ƙafa yake, to tawa ƙafar lafiyarta lau, zuciyar ce ba ta da ƙashi.

Na je ne a ƙarshe lokacin da ake ta raɗe-raɗin za a ba mu jiharmu, Yola ta zama hedikwata. Wani mai jaki ya ce min ya ga Lado, jikin ba daɗi. Na auno dawa zan ɗaure a keke, Baraka ta ce, "Har yanzu ba ka yi hankali ba? Sauke. Goro kawai za ka kai." Na sauke.

Na same shi a zaure yana tufka igiya. Ya rame, ƙirjin nan ya zube, gemu ya yi fari fat. Ya tashi ya karɓi kekena ya jingine, ya shimfiɗa min tabarma, shi ya zauna a ƙasa. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo irin ta surukai. Na yi ƙarfin hali na ce, "Bakano, ashe kana nan da ranka?" Ya ce, "Alhamdu lillahi, Malam Ɗan'auta. Ya mutanen gida?" Na miƙa goro, ya karɓa da hannu biyu ya sa albarka. Sau uku ina ɗauko maganar da ta kawo ni, sau uku yana tare ni da tambaya: ya Baraka, ana jin labarin Zadok, wa ke zaune a gidan Bappa yanzu. Da na matsa na ce, "Lado, ni fa na zo ne in ce ka yafe min," sai ya ce, "Ai ba abin da ya faru." Ya miƙe ya ce yana zuwa.

Ya daɗe a ciki. Na ji ana daka, na ji an hura wuta, alhali lokacin girki bai yi ba. Wannan ce ganawarmu ta ƙarshe, don da daminar shekarar ya rasu, kuma da na san haka da na bi shi ciki na kama ƙafarsa. Bayan la'asar ya fito da ɗan akushi da ruwa a moɗa ya ajiye a gabana. Tuwon masakwa ne mulmule biyu, da miyar kuɓewa, har da gutsuren busasshen kifi.

Na matsa gefe na ce, "Bismilla, zo mu ci."

"Na riga ka," ya ce. "A ci lafiya."

Ya fita ya zauna a dakalin waje ya ba ni baya, yadda mutanen Yola ke yi wa baƙon da ake jin nauyinsa, a bar shi ya ci shi kaɗai. Mutumin da muka yi shekara goma sha huɗu hannunmu na karo a kwano ɗaya.

Ina zaune ina duban tuwon sai na ji muryar yarinya daga cikin gida tana tambayar wani abu, na ji Hansai ta ce mata shhh. Na san wannan shirun. Na san ba wata tukunyar a bayan wannan. In na ci, na san bakin wa na cire. In na rage ko loma ɗaya, na sake faɗa masa maganar nan a cikin gidan da ya gudo don kada ya sake jin ta. Na daɗe hannuna a sama. Sannan na ci. Na cinye mulmule biyun, na cinye kifin, na suɗe miyar, hawaye na zuba a ciki, kowace loma sai na kora da ruwa take wucewa.

Da ya ji na wanke hannu ya shigo. Ya durƙusa ya ɗaga murfin ya duba, ya ga ba komai. Ya ɗago ya dube ni, karo na farko a ranar da ya kalli cikin idona.

"Madalla," ya ce.

Ya ɗauki akushin ya shiga da shi ciki, wurin yaran.